Tsohon ƙaramin jirgi a kwamfutar gida: FSX, FlightGear, X-Plane ko Microsoft Flight Simulator?

Mai son tuƙa Airbus a kwamfuta da mai son tuƙa Piper Cub ba buƙatarsu ɗaya ba, ko da manhaja ɗaya suka saya. Na Airbus yana hayewa can ƙololuwa, ya bar wa na'ura tuƙi, ya zuba wa allon lissafi ido. Na Cub kuwa ba ya nisa da ƙasa. Mita 300 zuwa 500 yake bisa, gudunsa bai fi kilomita 120 a awa ba, hanya kuma da ido yake nemanta: ga kogi, ga kwalta, ga dutse. Don haka abu biyu ne ke raba manhajojin kwaikwayon tuƙi a wurinsa, yadda ƙasa take fitowa da yadda jirgi yake amsa hannu da ƙafa. Mu da ke Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri ko Njamena muna da na uku, wanda sau tari shi ke yanke hukunci tun kafin a zo ga biyun farko: kuɗin data da ɗaukewar wuta.

Jiragen da nake nufi su ne na wajen 1930 zuwa 1950 da 'yan kai, masu tayoyi biyu a gaba da ƙaramar taya a jela. Piper J-3 Cub ne ya fi suna a cikinsu. An ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947, siraran ƙarafa ne aka lulluɓe da yadi aka shafa rawayan fenti, injinsa Continental mai ƙarfin doki 65. Ba batir, ba sitata, da hannu ake kaɗa farfela. Tankin mai lita 45 yana gaban matuƙi, ma'aunin man kuwa wata 'yar waya ce da aka soka a jikin wani toshe mara nauyi da ke yawo a kan mai, ta leƙo ta murfin tanki. Mai na ja da baya, wayar na nutsewa. In kai kaɗai ne, kujerar baya kake zama saboda daidaita nauyi, hancin jirgin kuma ya tare maka gaba ɗungurungum muddin kana ƙasa, sai ka riƙa karkacewa hagu da dama kana leƙe ta gefe.

Wahalar irin wannan jirgi a ƙasa take. Cibiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyi, shi ya sa da zarar jela ta ɗan goce gefe, nauyin sai ya ƙara ingiza ta maimakon ya dawo da ita. Duk wanda ya taɓa komawa da baya da gudu a keke mai ƙafa uku ya san abin. In ba ka tare da wuri ba, jirgin ya wulwula a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. Abin tarewar shi ne filafilin jela, kuma da ƙafa ake sarrafa shi. Ga farfela ita ma da nata: a injin Amurka tana jan hanci hagu lokacin tashi, musamman sa'ad da ka ɗaga jela, sai ka taka dama. Tiger Moth na Ingila, wanda ya fara tashi a 1931, injinsa Gipsy Major ɗaya gefen yake juyawa, shi hagu za ka taka, na asalin ma ba shi da birki sam. Da wannan ma'aunin zan auna manhajojin huɗu.

FSX, tsohon hannu

Microsoft Flight Simulator X, wato FSX, ya fito a 2006, aka sake sa shi a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a ƙarshen 2014. Kusan kowace laftof 'yar gwanjo mai Windows za ta ɗauke shi, kuma in ka gama saukewa, ka mai da Steam yanayin rashin intanet, shi ke nan, ba ruwanka da data. Rumfar jiragensa ma ta dace da mu, don J-3 Cub yana ciki tun asali, ga DC-3, ga Grumman Goose, ga Beaver mai sauka a ruwa wanda za ka iya kai wa tafkin Lagdo.

Aibinsa biyu ne. Ƙasar da yake nuna maka zane ne na gama-gari, Garwa da wani gari a Mali kusan kama ɗaya. Sannan Cub ɗinsa yana da yawan afuwa, kana iya sauka a karkace ya ƙyale ka. Akwai Cub na kamfanin A2A Simulations da ake saya daban, wanda ya gyara wannan sosai, har injin yakan nuna fushinsa in ka wulaƙanta shi. Ka dai san cewa manhajar tsohon gini ce, ba ta iya amfani da ram fiye da gigabait 4, in ka cika mata kayan ƙari sai ta rufe kanta ana tsakar tafiya.

Wanda kwamfutarsa ta gaza ko FSX, akwai yayansa na 2003, Flight Simulator 2004, da aka yi don cikar shekara ɗari da tashin jirgin farko na 'yan'uwan Wright. Tsofaffin jirage ne cike da shi: Curtiss Jenny, Ford Trimotor, Lockheed Vega, da Cub.

FlightGear

Kyauta ce, 'yan sa kai ne ke gina ta tun 1997, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Tun da hannu da yawa ne, jiragenta ba ingancinsu ɗaya ba, wani an yi masa aiki na gani na faɗa, wani kuma ƙwarya ce kawai aka ba ta fiffike. J3 Cub ɗinta yana cikin masu kyau. Ana iya sauke taswirarta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa digiri 10 tsawo digiri 10 faɗi, sannan a kashe abin da ke janyo taswira ta intanet. Layin digiri 10 na arewa ya ratsa ne tsakanin Garwa da Marwa, saboda haka gunduwa biyu kake buƙata, ta kudu mai Garwa da Ngaundere, da ta arewa mai Marwa da Njamena. Saitinta na cin rai. Ɗalibin da ba shi da ko sisi amma yana da haƙurin karance-karance, ita ce tasa. Mai gaggawa zai goge ta a rana ta biyu.

X-Plane

A nan zan daɗe, don ita na zaɓa. Austin Meyer ya fara fitar da ita a 1995, kamfaninsa Laminar Research ya fitar da ta 11 a 2017, ta 12 a ƙarshen 2022. Bambancinta da tsofaffin manhajojin Microsoft shi ne yadda take lissafi. FSX yana duba teburin adadi ne da aka rubuta masa tun farko: in gudu kaza ne, kusurwa kaza, to ɗagawa kaza. X-Plane kuwa tana yanka fiffike da farfela da jela ƙanana-ƙanana, ta lissafa iskar da ke bugun kowane yanki sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, sannan ta haɗa. Ga babban jirgi bambancin ba ya fitowa sosai. Ga ƙaramin jirgi mai taya a jela, nan take za ka ji shi.

Ɗauki Piper PA-18 Super Cub da ke cikin ta 12, ka rubuta FKKR, lambar filin jirgin Garwa, ka tsaya a bakin titin jirgin Garwa wanda ya miƙe gabas da yamma fiye da kilomita 3. Sa iskar hunturu daga arewa maso gabas, ka fuskanci gabas, wato tana zuwa maka ta gaba ta hagu. Ka tura totur sannu a hankali. Sandar tuƙi a baya tukuna, don tayar jela ta riƙe ƙasa. Gudu ya ɗan samu, ka tura sanda gaba, jela ta ɗago, titi ya bayyana a gabanka karon farko. A daidai wannan ƙiftawar hanci zai fizga hagu, farfela na ja, iska kuma na tura jela dama. Ka taka dama kaɗan, ka saki, ka sake takawa. In ka taka ka riƙe, ka wuce gona da iri, sai ciyawar ɗaya gefen. Wasu na cewa X-Plane ta cika zafin rai a iskar gefe fiye da jirgin gaske. Ko da hakan ne, gara manhajar da za ta tilasta wa ƙafarka farkawa da wadda za ta bar ta barci.

Ta 11 da ta 12 duka suna da Stinson L-5, jirgin leƙen asiri na Yaƙin Duniya na Biyu. Ta 11 ta fi sauƙi ga matsakaiciyar kwamfuta, ta 12 tana son katin hoto na zamani amma gajimare da hasken rana sun fi kyau nesa ba kusa ba. Wajen data kuwa tana da mutunci. Lokacin sakawa ita ke tambayarka yankin duniyar da kake so, ka zaɓi tsakiyar Afirka kawai ka bar sauran. Takan nemi intanet lokaci-lokaci don tantance lasisi, yanayin sama na ainihi ma ba ya cin wani abin kirki. Kuma akwai ta gwaji kyauta mai ba ka minti 15 a kowane tashi, wadda ta isa ka gane ko kwamfutarka za ta iya kafin ka fitar da kuɗi.

Inda ta gaza shi ne kamannin gari. Hanyoyi da koguna daga taswirar OpenStreetMap take ɗaukowa, suna nan a inda suke, amma gidajen da take shukawa na Turai da Amurka ne. Sai ka ga Marwa da rufin jan tayil kamar wata unguwa a Faransa. Maganinsa wata manhaja ce kyauta, Ortho4XP, mai sauke hotunan tauraron ɗan'adam ta shimfiɗa su a kan ƙasa, murabba'in digiri ɗaya bayan ɗaya. Kowane murabba'i yana cin gigabait, amma sau ɗaya kake biya, ya zauna a ma'ajiyarka har abada. Wanda ya gama nasa ma yana iya zuba wa abokinsa a faifan ajiya.

Microsoft Flight Simulator na 2020 da na 2024

Gaskiya ɗaya ce, babu mai kyawunsa. Kamfanin Asobo na Bordo a Faransa ne ya gina shi, ya fito a Agustan 2020, yana janyo hotunan tauraron ɗan'adam na taswirar Bing kai tsaye daga intanet yana miƙar da gidaje da bishiyoyi a kansu. Ka tashi daga Garwa ka juya kudu, Binuwai ce a gabanka da yashinta da gadarta. Ka tashi daga FTTJ, filin jirgin Njamena, ga mahaɗar Logon da Shari, ga Kusiri a ƙetare. Mutum yakan nemo unguwarsu har ya kewaya rufin gidansu. Ga mai tafiya ƙasa-ƙasa a hankali wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne rabin daɗin. A Nuwamban 2022 kuma, don cikar manhajar shekara 40, aka ƙara tsofaffin jirage kyauta: Wright Flyer na 1903, Curtiss Jenny, Spirit of St. Louis, DC-3, Goose da Beaver. Lissafin iskarsa ya yi wa na FSX fintinkau. Abu ɗaya kar ka sa rai da shi, a nan ko a sauran: tsinin duwatsun Rumsiki. Bayanan tudu da kwari na yankinmu ba su da laushin da zai fitar da su, sai su zo a dunƙule.

To amma ga lissafin. Na 2020 yana neman wuri gigabait 150. Mafi ƙarancin saurin intanet da aka rubuta masa megabit 5 ne a daƙiƙa, wanda aka fi so 20. Na 2024, da ya fito a Nuwamban shekarar, ya rage wurin zuwa 50, amma ta hanyar mai da kusan komai intanet, har jiragen kansu. Shi ƙarancinsa megabit 10, wanda aka fi so 50, ram kuma aƙalla gigabait 16. Ga mai sayen data da kuɗin aljihu wannan rami ne mara ƙasa. Kana bisa kogi, layi ya yi rauni, sai ka ga ƙasa ta narke ta zama dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa, gidaje sun ɓace. Na 2020 yana da sauƙi ta nan, don yana ba ka damar ajiye hotunan wani yanki a kwamfuta, da sa wa data iyaka, da tashi ba intanet (a lokacin kuwa ƙasar ta koma gama-gari, abin da ka saye shi dominsa ya tafi). Abin da ya fi ɓata rai shi ne sabuntawar dole. Wuta ta dawo, ka samu awa ɗaya, ka kunna, ya ce ba tashi sai ka sauke gigabait kaza.

A kula da wani abu. Steam na mayar da kuɗi in ba ka yi awa biyu kana wasa ba cikin kwana 14. Na 2020 kuwa mafi yawan kayansa a cikin manhajar ake saukewa, agogo na ƙirgawa, amma a 2020 masu Steam sun ce lokacin saukewar ba ya shiga lissafin mayar da kuɗi.

To wace?

Daidai ruwa daidai tsaki. Mai tsohuwar laftof, FSX, ya jira rangwamen Steam na tsakiyar shekara ko na ƙarshenta. Mai layin intanet mara iyaka a gida ko a shago, da kwamfuta mai ƙarfi, da sola ko inbata, ya ɗauki na 2020 ya more. Na 2024 ban ba kowa shawararsa ba sai mai layin faiba. Sauranmu, da muka fi yawa, X-Plane. Dalilina shi ne kyawun ƙasa ana iya ƙara shi daga baya da Ortho4XP, amma manhajar da ba ta tashi sai da intanet ba ka da yadda za ka yi da ita ran da data ta ƙare. Kuɗinsu kuwa, manyan nan na zamani kowace ta kai dalar Amurka 60 ko fiye a farashin fitowa, wato sefa dubu talatin da wani abu zuwa sama, kuma sai da katin banki irin Visa.

Wani ƙanena ya tara kuɗi zai sayi sabon katin hoto, ya ce, "Yaya, wanne ya fi, na gigabait 8 ko na 12?" Na ce da me kake juya jela? Ya ce da madannan kwamfuta. Na ce to ajiye zancen kati tukuna. Madanni ko dai a danne yake ko a sake, ba shi da "kaɗan", alhali tuƙin jirgi mai taya a jela duk "kaɗan" ne. Mafi arha shi ne hannun wasa na Xbox, ka ba maɓallan yatsa biyu na baya aikin filafilin jela, tun da su suna jin nauyin dannawa. Sama da shi sandar tuƙi mai murɗawa, irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M. Ta biyun da maganaɗisu take auna motsin gaba da baya da na gefe, ba da abin da ke gogewa ba, kuma a garin ƙura wannan na da amfani. Amma murɗa sanda yakan gurɓata sauran motsin hannu, kana son taka dama sai ka karkata fiffike ba da niyya ba. Feda ta ƙafa ita ce gaskiyar magana, ko mai arha irin Thrustmaster TFRP. FSX da feda ya fi na 2024 da madanni koya maka Cub. Sannan ka shiga saiti ka kashe taimakon da manhaja ke yi maka wajen juya jela, don wasunsu da shi a kunne suke zuwa.

Batun wuta kuma, laftof ta fi babbar kwamfuta a wurinmu, batirinta na riƙe ka har ka sauka. Sai dai zafin Maris da Afrilu na sa ta rage gudu da kanta, hoto ya fara tsalle-tsalle daidai lokacin sauka. A ɗaga bayanta iska ta shiga, a kuma riƙa hure ƙurar fankarta.

Jirgin farawa

Zafin nan bai tsaya a ɗakinka ba, ka sa shi a manhajar ma. Filin jirgin Garwa yana wajen mita 240 ne bisa teku. Matuƙa na lissafin ƙarin tsayin ƙafa 120 ga kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin da aka tsayar wa wannan tsayi, saboda haka ranar da ya kai digiri 42, iskar ta yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana bisa mita 1,300, sama da filin Ngaundere da ke wajen mita 1,100. J-3 mai doki 65, da mutum biyu da cikakken tanki, zai ci titi mai tsawo sannan ya riƙa hawa da ƙyar. Wannan ma gwaji ne mai kyau ga kowace manhaja: tashi a digiri 20, sake tashi a 42, ka ga ko ta san bambanci.

Shi ya sa na fi son sabon shiga ya fara da Super Cub. An fara ƙera shi a 1949, wanda ya fi yaɗuwa yana da doki 150, yana da leɓen fiffike mai rage gudu wajen sauka, kuma a kujerar gaba kake zama kana ganin hanya. In ƙafa ta faɗa, sai ka koma J-3, inda ba ƙarfin injin da zai rufa maka asiri. Beaver na Kanada, na 1947, wani aji ne daban: inji mai da'ira Pratt & Whitney R-985 na doki 450, da totur da sandar farfela da ta gaurin mai, kowace da lokacinta. Dattawan da suka ga Broussard na Faransa mai jela biyu, wanda sojojin saman Chadi da Kamaru suka yi aiki da shi bayan 'yancin kai, irin wannan injin suka ji yana ruri. Broussard ba ya zuwa cikin manhajojin nan tun asali, Beaver ne ɗan'uwansa na kusa.

Tafiyar da nake ba mutane su gwada ita ce Garwa zuwa Njamena a J-3, ba tare da na'urar nuna hanya ba, kamfas da agogo da taswira kawai. Kai tsaye wajen kilomita 360 ne, tankin kuwa iyakarsa wajen 350 in ba iska, dole ka ya da zango a Salak, filin jirgin Marwa, FKKL. Zangon farko wajen kilomita 160, ka bi kwalta ta Figil, duwatsun Mandara na hagunka, dutsen Mindif ya fito maka ta dama in ka kusa. Na biyu wajen 200, fili ne fetal, gefen Waza har ka tarar da Logon ka bi ta arewa. Inda za ka sauka tsohon zangon jirage ne, don ta Fort-Lami, sunan Njamena kafin 1973, jiragen Ingila suka riƙa bi daga Takoradi ta Kano da Maiduguri zuwa Kartum lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. In ka sa iskar hunturu mai kilomita 30 a awa tana bugunka ta gaba, gudunka a ƙasa ya koma 90, zangon na biyu ya haura awa biyu, injin kuwa na shan wajen lita 16 kowace awa. Cika tanki a Salak, kuma in ka sa hazo, kar ka bar ganin gaba ya gaza kilomita 5 a karon farko.